Wa Zai Gyara Mana Kanta?

A shekarar 1991 masu gyaran tsofaffin fina-finai a Amurka suka gamu da wata matsala mai ɗaure kai. Aikin da ke gabansu shi ne Spartacus, fim ɗin da Stanley Kubrick ya ba da umarni a 1960, labarin bawan nan da ya tara bayi 'yan'uwansa suka hana daular Rumawa barci tun daga shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Cikin tonon da suke yi sai suka samo wani yanki da masu tace fina-finai suka sa aka yanke tun fitowar farko, inda janar Crassus yake zance da bawansa a wurin wanka. Hoton yana nan, sautin ya salwanta. Baki na motsi, kunne ba ya jin komai. Tony Curtis, wanda ya fito a matsayin bawan, yana da rai, sai aka kira shi ya maimaita maganarsa, dattijo ɗan sittin da 'yan kai yana ara wa ƙuruciyarsa murya. Laurence Olivier kuwa, mai fitowa a Crassus, ya mutu tun 1989. Matarsa Joan Plowright ce ta tuna cewa Anthony Hopkins ya iya kwaikwayon muryar mijinta har ba a bambancewa. Aka kira Hopkins, ya tsaya gaban allo yana bin leɓɓan mamaci kalma bayan kalma.

Yau duk wanda ya zauna kallon fim ɗin, idan ya iso waɗannan 'yan mintoci, fuskar mutum ɗaya yake gani, muryar wani yake ji. Masu aikin ba su ɓoye ba, sun faɗa wa duniya abin da suka yi. Duk da haka tambayar tana nan: wannan gyara ne?

A bakinmu gyara ba fuska ɗaya gare ta ba. Idan ka miƙa wayarka ga yaron da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin titin Badariya a Birnin Kabi, da 'yar sukundirebarsa da madubin ƙara girma, ka ce ya gyara, nufinka ya mayar maka da ita yadda take kafin ta faɗi, kada ya rage komai, kada ya musanya maka batir. Idan kuwa ka tsaya gaban mai tumatir ya gama auna maka, ka ce, "Baba, ba gyara?", ƙari kake roƙo, abin da ba ya cikin ciniki. Akwai kuma na uku, wanda Bahaushe ya sa wa suna gyaran gangar Auzinawa: a taɓa abu da kyakkyawar niyya, a bar shi ya fi da lalacewa. Tarihin ceto tsofaffin fina-finai kaf a tsakanin waɗannan uku yake kai da kawowa, kuma ma'aikacin kirki shi ne wanda ya san a kan wanne yake tsaye a kowane lokaci.

Masu tasowa yanzu suna ɗauka fim ba ya tsufa, tunda a waya suke ganinsa. Fim na da jiki gare shi, jiki kuwa yana ciwo. Zare ne na roba, faɗinsa milimita 35, an jera hotuna a kansa, 24 ke wucewa ta gaban fitilar majigi a kowace daƙiƙa. Fim na awa biyu tsawon zarensa ya haura kilomita 3, ana yanka shi naɗi-naɗi a rufe cikin gwangwanaye masu faɗi. Har zuwa wajejen 1951 da wani sinadari mai suna naitiret ake yin zaren, shi kuwa idan ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. A 1937 rumbun kamfanin Fox da ke New Jersey ya ƙone, a 1965 na MGM ya biyo baya. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da ba a sa sauti sun ɓace har abada. Wannan fa a ƙasar da ke da kuɗi ke nan.

Zaren da ya maye gurbinsa ba ya cin wuta haka, sai dai shi ma da nasa ajalin. Idan zafi da laima suka haɗu a kansa, sai ya fara fitar da warin tsami mai hawa hanci. Wanda ya buɗe gwangwani ya ji wannan wari ya san ciwo ya shiga. Zaren zai ƙanƙance, ya lanƙwashe, gefensa ya yi tauri yana karyewa, daga baya naɗin ya manne ya zama dunƙule ɗaya. Abin da ya fi muni, tururin da ke fita daga gwangwani ɗaya yana harbin na kusa da shi. Launi ma yana gudu. Zaren kala na Eastman da ya fito a 1950 ya yi arha, kowa ya rungume shi, ashe shuɗi da rawaya ba sa daɗewa a jikinsa. Bayan shekara ashirin sai ka ga sama ta koma ja-ja, teku ja-ja, fuskar jarumi ja-ja. Uwar hoton Spartacus, wato nagatif ɗin da ya fito daga cikin kyamara, haka ta koɗe har ba ta da amfani. Abin da ya cece shi kwafi uku ne na baƙi da fari da aka ajiye tun farko, kowanne yana riƙe da launi ɗaya. Su ma kowanne ya ƙanƙance gwargwadon halinsa, sai da aka sha wahala kafin a ɗora su kan juna su dace.

Waɗannan manyan fina-finan tarihi tsoro ne ya haife su. A shekarun 1950 talbijin ya shiga gidajen Amurkawa, mutane suka rage zuwa silima. Hollywood ta ce bari ta yi abin da ƙaramin akwati ba zai iya ɗauka ba: ta faɗaɗa allo, ta tara dubban mutane da dawaki, ta gina birane don a rushe su gaban kyamara. Ben-Hur na 1959 a kan zare mai faɗin milimita 65 aka ɗauke shi, aka gina filin tseren karusai a birnin Rum, ya lashe kyautar Oscar 11. Cleopatra na 1963 ya kusa kai kamfanin Fox ƙasa. Daraktansa Joseph Mankiewicz ya so ya fitar da shi kashi biyu, kowanne awa uku, kamfani ya ƙi, aka datse shi zuwa awa huɗu, aka kuma sake datsewa. Yawancin abin da aka zubar daga awa shidan nan har yau ba a gan shi ba.

Amma labarin da ya fi kama mini hankali shi ne na Lawrence of Arabia. David Lean ya fito da shi a Disamban 1962 yana da minti 222. Ba a yi wata biyu ba aka rage kusan minti 20 don masu gidajen silima su sami damar nuna shi sau da yawa a rana. A 1971 aka ƙara ragewa ya koma 187. Da mai gyaran fina-finai Robert Harris ya shiga rumbun kamfanin Columbia a 1986, ya tarar da gwangwanaye sun yi tsatsa, uwar hoton ta tsattsage, sautin wuraren da aka yanke an zubar da shi. An ma gano cewa wani naɗi guda an yi shekaru ana buga shi a juye, raƙuman da ya kamata su nufi dama suna tafiya hagu, ba wanda ya lura. Da aka rasa abin da 'yan wasa ke faɗa a wasu wurare, sai aka nemo masu karanta motsin leɓe suka zauna suna tsinto kalmomin. Peter O'Toole da Alec Guinness suka dawo suka sake faɗin maganganunsu bayan shekara ashirin da biyar. Jack Hawkins ya mutu tun 1973, sai Charles Gray ya ara masa murya. Daraktoci Martin Scorsese da Steven Spielberg suka tsaya wa aikin. Sannan ga abin mamaki: da aka gama haɗa komai, shi Lean da kansa, yana da shekara tamanin, ya zauna da Anne Coates wadda ta yanka fim ɗin tun asali, suka sake cire 'yan mintoci. Abin da ya fito a 1989 minti 216 ne, tsawon da ba a taɓa nuna shi a haka ba.

To ina asalin yake? Na 1962 da aka gama cikin gaggawa don a cim ma ranar buɗewa a gaban Sarauniyar Ingila, ko na 1989 da mai shi ya ce haka ya so tun farko? Ni dai ina ganin muddin mai abu yana raye, hannunsa halal ne a kan abinsa. Inda nake tsayawa shi ne bayan ya kau. A 1986 attajiri Ted Turner ya sayi rumbun fina-finan MGM, ya sa aka riƙa shafa wa na baƙi da fari launi da kwamfuta, wai don matasa su so su. Daraktoci suka yi ca, har majalisar ƙasar ta yi dokar kare fina-finai a 1988. Wannan shi ne gyaran mai tumatir a inda ba a roƙe shi ba. Yau ma ana yin irinsa: a sa na'ura ta goge ɗan ƙwayar yashin da ke jikin hoton tsohon fim, ta goge har da tamojin fuskar mutum, dattijo ya fito sumul, ba alamar shekaru. Mai irin wannan aiki yana zaton kyau yake ƙarawa, alhali shaida yake sharewa.

Akwai kuma abin da mai gyara ba shi da hurumin taɓawa ko da yana ƙona masa rai. A Lawrence of Arabia Bature ne, Alec Guinness, ya shafa baƙi ya fito a Yarima Faisal. Anthony Quinn, ɗan asalin Meziko, shi ne Balarabe Auda. Larabawa suna magana da Ingilishi a tsakiyar hamadarsu, an kuma nuna yaƙinsu kamar ba zai yiwu ba sai da Baturen da ya zo ya haɗa kansu. Ƙasar Jodan, inda aka ɗauki babban ɓangaren fim ɗin, ta hana nuna shi a lokacin. Harris bai gyara wannan ba, kuma daidai ya yi. Fim ɗin tarihi shaida biyu yake bayarwa: ɗaya kan zamanin da yake ba da labari, wadda sau da yawa ƙarya ta yi mata yawa, ɗaya kuma kan zamanin da aka yi shi, wadda ba ta iya ƙarya. Wanda yake son ya san yadda Turawan 1962 ke kallon Balarabe, ga shi nan an ajiye masa tsaf.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Kabi da gwangwanayen Amurka. Ruwansa a ciki yake tsundum, domin mu ma mun daɗe da shiga wannan harka. An buɗe silimar Rex a Kano tun 1937, Palace ta biyo baya, sannan Plaza da Orion da El Dorado, inda fina-finan kaboyi da na Rumawa da na Indiya suka yi zamaninsu. Garuruwan da ba su da silima kuwa motar majigi ke zuwar musu. Wani kawuna da ya tashi a Argungu, duk lokacin da ya ga jikokinsa sun dunƙule kan waya ɗaya suna kallo, sai ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba kallo ba ne, ɗiyana. Mu da munka ga majigi ƙofar fada, gari duka ka taruwa, a kafa farin ƙyalle, injin na ƙugi, ƙwari na bin haske, mai bayani na faɗi da lasifika muna amsawa." Abin da ya fi tunawa ba hotunan ba ne. Muryar mai bayanin ce, yadda yake sa wa mutanen cikin allo suna, ya ja karin magana, ya sa dattawa dariya. Ba wanda ya naɗi wannan murya, ta tafi da mai ita.

Daga wancan majigi na gwamnati Adamu Halilu ya fito. Ya yi shekaru yana shirya gajerun fina-finan wayar da kai a Arewa, sannan a 1976 ya ɗauki Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta a farkon shekarun 1930, ya mayar da shi fim na sama da awa biyu, da Hausa, a kan zare mai kala, Umaru Ladan yana fitowa a matsayin Shaihun. Labarin yaron Kagara da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, ya ƙetare hamada, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, shi kuma ya dawo malami yana karantarwa a Rauta. Shi Nijeriya ta gabatar a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Daga nan sai ya yi ɓatan dabo. Kusan shekara arba'in ana ambatonsa a littattafai, ɗalibai suna rubuta sunansa a jarrabawa, ba mai iya cewa ga inda za ka gan shi.

Yadda ya dawo abin a yi wa Allah godiya ne. Wani mai shirya fina-finai, Didi Cheeka, da abokansa na ƙungiyar Lagos Film Society suka shiga tsofaffin ɗakunan sashen fina-finai na zamanin mulkin mallaka a Legas, suka tarar da ɗaruruwan gwangwanaye jibge cikin ƙura da tsatsa. Wannan ya tayar da bincike, a 2016 aka gano uwar hoton Shaihu Umar da kwafinsa a taskar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta ɗauki aikin gyaran da taimakon ofishin jakadancin Jamus a Abuja. Aka wanke zaren, aka ɗinke inda ya yage, aka bi shi hoto bayan hoto ana kwafewa cikin kwamfuta, aka daidaita launi da sauti. A watan Fabrairun 2018 aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin. Adamu Halilu bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 2001. Bayan haka Jami'ar Jos da Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka buɗe karatun digiri na biyu kan adana fina-finai, ga kuma taskar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos ɗin. Wato yanzu akwai 'yan ƙasa masu sanin hannun aikin.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne fim ɗin da Halilu ya yi bayan wannan. A 1978 ya shirya Kanta of Kebbi. Ka tsaya a kowace majalisa a Badariya da yamma ka tambayi samari labarin Spartacus ko Gladiator, za ka sami mai ba ka shi daga farko har ƙarshe, wani ma da fassarar Hausa ya kalla. Ka ce musu an taɓa yin fim ɗin Kanta, a kan zaren silima, shekara goma sha uku kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sai su dube ka suna jiran ka ce wasa kake.

Alhali idan ana neman labarin da ya cancanci faffaɗan allo, ba sai mun je Rum aro ba. Muhammadu Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, a kan hanyar dawowa rabon ganima ya haɗa su, wajejen 1516 ya ce ya daina biyayya. Songhai, daular da ta fi kowace ƙarfi a yammacin Afirka a lokacin, ta aiko da runduna ta koma ba nasara. Abdurrahman Sa'adi na Tambutu ya rubuta wannan a Tarikh al-Sudan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarin Kanta a Infaƙul Maisuri. Ya gina Surame da ganuwar dutse, ya kara da Barno, ya rasu a ƙasar Katsina kan hanyarsa ta komawa gida daga yaƙi. Kufan Surame yana nan a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, tun 1964 yake cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Daga Surame sarauta ta dawo Birnin Kabi, a 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci birnin, Kabawa suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu, aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su a matsayin tarba, aka binne wannan gaba. Bikin da ya samo asali daga ranar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Mun iya adana wasu abubuwan, kada a ce ba mu iya ba. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, zai ga masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da layu, da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna a cikin gidan. Ƙarfe yana jure zafinmu, fata da itace ma suna ƙoƙari. Zaren fim ba ya jurewa. A Amurka har cikin ramin haƙar gishiri na Hutchinson a jihar Kansas ake ajiye uwayen hotuna, saboda sanyi da rashin laima. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Birnin Kabi yana haura digiri 40, damina ta zo da laimarta daga fadama, wutar lantarki ta zo ta tafi. Gwangwanin da zai shekara ɗari a can, a nan shekara talatin ta isa ta gama da shi. Fim ɗin 1978 kuwa yana dab da cika hamsin.

A nan ne nake ganin bambancinmu da Hollywood ya fi fitowa, kuma a kan murya ne. Da sautin Olivier ya ɓata, akwai fina-finansa da yawa da za a saurara, akwai rubutaccen wasan, akwai wanda ya yi aiki tare da shi a dandali har ya haddace yadda yake jan numfashi. Ingilishin da Crassus ke yi ma ba harshen Rumawa ba ne, aro ne tun asali, don haka aro a kan aro bai yi ɓarna mai yawa ba. Namu ba haka yake ba. Abin da ke jikin zaren Shaihu Umar da na Kanta Hausar shekarun 1970 ce daga bakin masu ita: yadda ake gaida sarki, yadda bafade ke amsawa, yadda uwa ke kiran ɗanta ba tare da ta ambaci sunansa ba, inda ake jan wasali da inda ake yanke shi, shirun da ake yi kafin a ba babba amsa. Ƙamus yana riƙe kalma, ba ya riƙe wannan. Yawancin waɗanda suka yi maganar sun riga mu gidan gaskiya. Idan sautin ya mutu, ba wanda za a kira ya tsaya gaban allo ya maye gurbinsu, domin ɗan wasan yau da Hausar yau zai yi, wadda rediyo da fina-finan Kano da waya suka goge mata kaifi. A Kabi ma yaran da ke cewa "munka tahi" suna raguwa, makaranta da gari suna koya musu "muka tafi". Ba laifi ba ne harshe ya sauya, haka yake tun fil azal. Laifin shi ne a bar shaidar yadda yake a da ta narke a cikin gwangwani.

Dubi abin da ya faru da maƙwabtanmu. Sarauniyar Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutse, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, Med Hondo ya yi fim ɗinta a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Fim ne na a zo a gani. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi, yawancin zancen cikinsa ba da Hausa ba ne. Duniya ta san Sarauniya, amma ba da muryar gidansu ba. Wannan ya ƙara nuna darajar abin da Halilu ya bari: manyan labaran ƙasar nan da harshen ƙasar nan, a kan zaren silima. Irinsu ba su da yawa, ana iya ƙirga su da yatsu.

Wani zai ce a bar tsohon, a yi sabo mana, ga kyamarori na zamani, ga jiragen ɗaukar hoto daga sama. A yi, ina maraba da shi, Kanta ya isa a yi masa fim goma. Amma sabo ba ya biyan bashin tsoho. An sake yin Ben-Hur a 2016 da kwamfuta da kuɗi masu yawa, ya zo ya wuce, mutane suka koma wa na 1959 da aka gyara aka fitar a 2011. Ko da sabon ya fi kyau, ba zai gaya mana yadda mutanen 1978 suka hango Kanta ba, irin rigar da suka ga ta dace da shi, irin dokin, irin ganuwar, da abin da suka zaɓa su faɗa ko su yi shiru a kansa game da tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato a lokacin da suke jiha ɗaya. Idan kuma Allah ya sa aka zo gyaran, ina roƙon a yi na yaron mai waya, kada a yi na mai tumatir. Kada a ƙara kiɗa, kada a sauya murya, kada a yanke wurin da wani zai ce bai yi wa gidansu daɗi ba. Inda ya ɓata ƙwarai a bar gurbin, a rubuta cewa nan ya ɓata.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Gidauniyar da Scorsese ya kafa a 1990 ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka a 2017 don ceto fina-finan nahiyar guda 50, suka fara da Soleil Ô na Med Hondo. Arsenal ta riga ta san aikin Halilu. Jos tana da taska da ɗalibai. Abin da ya rage shi ne masu abu su nuna suna so, domin ba wanda zai fi mai gida sanin zafin kayansa. Ba kuma Kanta kaɗai ba: akwai hotunan bikin su na shekarun baya, da kaset-kaset na gidajen talbijin da rediyo masu ɗauke da hawan salla da hirarrakin dattawa da makaɗan fada, har da fina-finan bidiyo na farko irin su Turmin Danya na 1990, waɗanda kaset ɗinsu ya fi zaren silima saurin mutuwa.

Kirana ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ta Sakkwato, da masarautun Argungu da Gwandu, da malaman tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne su tura wakilai Jos da Legas da Kaduna a bi sawun gwangwanayen Kanta of Kebbi, a ware kuɗin gyaransa, a kuma nuna shi a fili a Argungu lokacin bikin su, kowa ya gani kyauta. Kai kuma mai karatu, idan mahaifinka ko kakanka ya yi aiki a ma'aikatar yaɗa labarai ko gidan talbijin, ka duba ɗakin ajiyarsa. In ka ga gwangwanin fim ko tsohon kaset, kada ka shanya shi a rana, kada ka wanke shi, kada ka gwada sa shi a na'ura. Ka raba mai warin tsami da sauran, ka ajiye su wuri mai sanyi, ka rubuta abin da ke jikin murfin, sannan ka nemi taskar fina-finai ta Jos.